Jan Kwaɗon Spiros

Da hantsi Lefteris ya tarar da jan kwaɗo a datse a kan makunnin wutar injin markaɗe, da sunan Spiros a jikinsa. Tsakiyar girbin zaitun ake, motocin manoma sun riga sun jeru a farfajiyar matsar mai ta ƙungiyar ƙauyen, wadda aka damƙa masa kula da ita tun dawowarsa daga karatu.

Dokar wurin ba ta da sarƙaƙiya. Duk wanda zai shiga cikin injin don wanki ko gyara sai ya kashe wuta, ya datse makunnin da kwaɗonsa, ya jefa mabuɗin a aljihu, kuma ba mai cire kwaɗon wani. Spiros, ma'aikacin matsar, ya wanke injin da sassafe kamar kullum. Sai dai ranar ta waliyyin da ya ci sunansa ce, saboda haka yana gamawa ya garzaya gida ya yi kwalliya, ya haura ƙaramin cocin da ke kan tudu, ya manta da kwaɗon. Wayarsa kuwa a kashe.

Motar farko a layi ta tsoho Anestis ce, mutumin da ya riƙe Lefteris a hannu ranar da aka yi masa baftisma. Zaitun ba ya son zama cikin buhu, da ya ɗauki zafi mansa ya soma tsami, darajarsa ta faɗi. Anestis ya san da haka, ya kuma tabbatar kowa a farfajiyar ya ji. Ya ce shi da idonsa ya ga Spiros ya wuce a kan babur sanye da kwat, yana ƙamshin turare kamar ango.

"Ɗana, ga almakashin ƙarfe can a rataye," in ji shi. "Ko a jami'ar ba a koya muku yadda ake riƙe shi ba? In ba za ka iya ba, matsar ƙetaren rafi tana aiki."

Manoman suka yi dariya, Lefteris bai yi ba. Inda Anestis ya kai zaitun ɗinsa, nan rabin ƙauyen ke bi, kuma matsar ba za ta jure rasa su a shekarar da itatuwa suka yi 'ya'ya haka ba.

Ya ɗauki tocila ya leƙa cikin injin. Babu kowa, sai wuƙaƙen juyawa suna sheƙi da danshin wanki. Ya sauko da almakashin, ya ɗan jinjina shi. Kwaɗon ba wani ƙarfi ne da shi ba, matsa ɗaya ya ishe shi. Amma ya tuna yadda Spiros kan durƙusa tsakanin waɗannan wuƙaƙe yana fito, bai ko waiwayen ƙofa. Ba ƙarfen ne ke ba shi wannan natsuwa ba, sanin cewa ba a taɓa yanke shi ba ne. Idan yau aka yanke saboda kowa ya tabbata, wata rana wani zai yanke saboda yana zaton ya tabbata.

Ya mayar da almakashin kan ƙusarsa.

"Kawu, zan je in taho da shi. In ka tafi kafin in dawo, ba zan ga laifinka ba."

Anestis ya juya masa baya, ya kunna taba.

Hanyar tudun duk kwana-kwana ce, Lefteris ya bi ta a hankali, yana lissafa fuskokin da zai yiwu ya rasa. A ƙofar coci ya iske Spiros da faranti yana raba wa jama'a alewa. Ya yi masa fatan shekaru masu yawa kamar yadda aka saba, sannan ya tambaye shi mabuɗi. Spiros ya shafa aljihun kwat, fuskarsa ta sauya. Mabuɗin yana cikin wandon aiki, wandon kuma matarsa ta riga ta jiƙa shi a baho. Sai da suka biya gida, matar ta tsamo shi daga kumfa tana yi wa mijinta tsiya cewa wata rana kansa zai manta a cikin injin.

Rana ta take sa'ad da suka iso. Wasu motoci sun tafi, gurbinsu a fili. Ta Anestis tana nan, amma babu buhu ko ɗaya a bayanta. Tsohon ya kwance bakin buhunan, ya baza zaitun ɗin a kan tamfol ƙarƙashin inuwar bango don ya sha iska, waɗanda suka rage ma sun yi yadda ya yi.

Spiros ya shiga da kwat ɗinsa, ya leƙa injin, ya buɗe kwaɗon da hannunsa. Babu abin da aka samu a ciki. Wuta ta kama, wuƙaƙen suka soma juyawa.

Anestis ya ɗauki alewa daga farantin da Spiros ya taho da shi ba tare da ya dubi Lefteris ba.

"Tun a ruwan baftisma na san taurin kanka," in ji shi. "Zo ka kama mini bakin tamfol ɗin nan, bayana ya ƙage."