Ƙofar Bayan Kicin

Da likita ya gaya wa Mai Makulli cewa hantarsa ta kusa ajiye aiki, bai wani damu ba. Likitoci sun saba irin wannan magana, da ita suke ci. Abin da ya taɓa shi maganar 'yarsa ce, ranar da ta kawo masa jikansa na fari, ɗan wata biyu. Ya miƙa hannu zai karɓa. Ta dubi hannun yana karkarwa, ta shaƙi iskar ɗakin, ta mayar da yaron kafaɗarta.

"Baba, ba za ka ɗauke shi ba."

"Ke, ai ni na ɗauke ki."

"Lokacin ba ka fara karya kumallo da kwalba ba. Ka je ka yi kwana ashirin da takwas ɗin da likita ya ce. Ran da ka gama, ka ɗauke shi har ka gaji."

Gidajen jinyar masu shaye-shaye uku ta kai shi ya gani. Ita tana tambayar likita nawa ne, gado nawa a ɗaki, me ake ci. Shi kuwa ƙofofi yake kallo, don shekara talatin ke nan yana buɗe wa mutane ƙofar da suka rufe kansu a waje. Gida na farko makullin kati ne da su, irin mai ƙyafta jar wuta. Ya ce wurin ba shi da fara'a. Na biyu akwai ƙyauren ƙarfe da mai gadi mai wuya kamar turmi. Ya ce iska ba ta shiga. Na uku tsohon gida ne mai dogon baranda, kuma da aka zagaya da su ta kicin sai ya hango ƙofar baya, da wani tsohon makulli irin wanda ya koyi aiki a kansa tun gemu bai fito masa ba.

"Nan ya fi kwanta min," ya ce. "Akwai natsuwa."

Idon 'yar ya ciko da ƙwalla don murna. Ya ji kunya, gaskiya ya ji. Amma kunyar ba ta hana shi cusa siraran wayoyin ƙarfe biyu na buɗe makulli a kalmasar wandonsa ba. A ransa ba gudu zai yi ba, Allah ya kiyaye. Fita zai yi, kofi ɗaya, ya dawo ya kulle musu ƙofarsu yadda ya same ta. Duk namijin da ya haura hamsin yana da irin wannan dabara a aljihu, kuma kowa gani yake shi ya fara ƙirƙiro ta.

Sista, babbar ma'aikaciyar jinyar gidan, ta karɓe masa wayar salula, reza, har da kwalbar turare. Ya ce turare kuma? Ta ce wani ya taɓa shanye nasa. Kwana biyar na farko bai san inda kansa yake ba. Gumi, amai, ƙwaya safe da yamma, da zanin gado da ake canjawa ba a ce masa komai. Abokin ɗakinsa wani tsohon hedimasta ne, zuwansa na uku ke nan, yana kiran wurin makaranta, yana kiran kansa mai maimaita aji.

"Sabon ɗalibi," yakan ce, "riƙe kofin da hannu biyu. Shayin na ciki ne, ba na riga ba."

Da hantsi kuma a zauna a kujerun roba, a yi da'ira, kowa ya faɗi abin da ke ransa. Mai Makulli kullum cewa yake lafiya lau, sai godiya.

Rana ta shida, bayan abincin rana, gida ya yi tsit, kowa ya kwanta hutu. Ya lallaɓa kicin. Tukwane a kife, buhun albasa a jingine, famfo na ɗiga. Ya durƙusa gaban ƙofar baya, ya zaro wayoyinsa. Aikin minti ɗaya ne, da can ma yakan yi shi yana hira da mai gida. Yau hannun ya ƙi. Waya ta shiga ta fito, ta faɗi, ya lalubo ta ƙarƙashin firji. Sai da ya yi kusan minti ashirin kafin ya ji ƙas, harshen makulli ya motsa. Ya miƙe yana murmushi, ya danna mariƙin ƙofar.

Ƙofa ta ce ba ta san zancen ba.

Ya sake dannawa, ya sa kafaɗa. Ko gezau. Ya koma ya zura waya da gaggawa, hannu ya fizge, wayar ta karye a ciki.

"Me kake yi wa ƙofata?"

Kuku ce, mai girkin gidan, tsaye a bayansa da bokitin ɓawon dankali.

"Dubawa nake, Hajiya. Na ga kamar makullin yana da 'yar matsala."

Ta ture shi, ta danna mariƙin, ta sake dannawa, sannan ta juyo a hankali.

"Ka kulle ta? Bawan Allah, ɗan makullin ƙofar nan ya ɓata tun kafin a ɗauke ni aiki. Shekara tara turawa kawai nake yi. Ba ka taɓa mariƙin ba ne kafin ka fara tsiyarka?"

Bai taɓa ba. Shekara talatin ba wanda ya taɓa kiransa gaban ƙofar da take buɗe.

A ofis Sista ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona shi ke nan. Ta nuna masa ƙofar gaba da biro.

"Waccan ma a buɗe take. Nan ba kurkuku ba ne. In tafiya za ka yi, ga takarda, sa hannu, in kira 'yarka in gaya mata. Ƙofar kicin kuwa gobe kafinta zai zo ya fasa."

"Ya fasa?" Ya miƙe tsaye. "Makullin da ya girme ki? Ina raye kafinta zai sa masa guduma?"

"To ya za a yi?"

"Ni na rufe, ni zan buɗe."

Ta dubi hannunsa, ta dubi fuskarsa. Ta ce an ba shi awa ɗaya kullum bayan abincin rana, da sharaɗin ya riƙa buɗe baki a zaman da'ira. Ta ara masa ɗan hantsakin da take cire zaren ɗinki da shi.

Sai an fara zaro guntun wayar kafin a yi maganar buɗewa, shi kuwa guntun bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Hantsaki ya kama, hannu ya girgiza, guntu ya ƙara shigewa. Kuku kuma, tunda yanzu sai ta zagaya da shara ta baranda, ta ce wanda ya rufe hanya shi zai ɗauki kaya. Haka ya koma ɗaukar bokiti safe da yamma, yana fita ta ƙofar gaba, ya zubar a bakin titi, ya dawo da ƙafarsa. Daga wurin zubar da sharar ana hango wata mashaya mai koren labule. Kullum sai ya tsaya ya dube ta, wata rana har ya ajiye bokitin. Amma ya tafi ya bar makulli da waya a ciki, a ce aikinsa ne? Ya ɗauki bokitinsa.

Labari ya zaga gida. Hedimasta ya sa masa suna Sarkin Gudu, ya ce a tarihin makarantar nan ba a taɓa samun ɗalibin da ya kulle kansa da kansa ba. A da'ira aka ce ya ba da labarin da bakinsa. Ya fara don a yi dariya, aka kuwa yi, har mai nasihar da ke jagorantar zaman ta cire tabarau tana share ido. Bai san yadda aka yi ba ya zarce zuwa kwalbar da yake ɓoyewa a akwatin kayan aiki, da ranar da ya je buɗe wa wata tsohuwa ƙofa ya yi barci a bakin ƙofar. Nan ba wanda ya yi dariya sai Hedimasta, shi ma a hankali.

Rana ta goma sha huɗu guntun waya ya fito. Rana ta goma sha bakwai, ranar ziyara, yana durƙushe da sauran wayar da wata da ya lanƙwasa daga maratayin kaya, ya ji ƙas. Wannan karon sai da ya taɓa mariƙi. Ƙofa ta buɗe, iska ta shigo, ga lungu ya miƙe har titi.

"Baba!"

'Yarsa ce a ƙofar kicin ta ciki, da goyo a ƙirji da jaka a kafaɗa. An ce mata yana nan. Ta dubi wayoyin, ta dubi buɗaɗɗiyar ƙofa, fuskarta ta canja.

"Uwata, tsaya ki ji, ba abin da kike zato ba ne."

"Abin da take zato ne," in ji Kuku daga bakin murhu, "sai dai ta makara da kwana goma sha ɗaya." Ta kwashe labari tas ta faɗa, ba ta rage masa ko ɓawon dankali ba.

'Yar ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara, ta yi dariya har yaron ya farka. Mai Makulli ya goge hannu a wando, ya miƙa su gabanta, tafin hannu sama. Sun tsaya cak, in ban da ɗan yatsa ɗaya da bai gama jin magana ba.

"Kin gani? Ko na minti ɗaya."

Ta daɗe tana kallon hannun.

"Na gani, Baba. Ashirin da takwas muka ce."

Ta sauke jakar kayan yaron ta rataya masa a wuya. Ya ja ƙofar baya ya rufe, Kuku ta daka masa tsawa kada ya kuskura ya taɓa makullin, ya bi 'yarsa zuwa baranda yana yi wa jikan gwalo ta bayan kafaɗarta.