Kazar Baba Direba

"Riƙe mata fukafukan da kyau, 'yar nan, kar ta sha ruwan."

Mai Ɗinki na durƙushe gaban baho, hannuwanta cikin ruwan ɗumi, kazar ta yi laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma. Tun safe take kan keken ɗinki, bayanta ya riƙe, ga riguna uku na jiran ta. Maƙwabcinta Baba Direba, wanda ƙofarsa ke kallon tata, yana kan kujerar roba yana ba da umarni. Kalma biyu, sai ya tsaya ya ja numfashi.

"Ƙwai ne ya maƙale mata. Yau kwana biyu."

"Baba, ƙafar nan taka fa? Ta fi jiya kumburi."

"Ƙafata ƙwai take yi?"

Shekara talatin ya yi yana tuƙa bas. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aiki a wani gari mai nisa. Cikin kaji biyar da yake kiwo a bayan gida wannan kaɗai ta rage. Kwandasta yake ce mata, wai duk inda ya sa ƙafa tana bayansa da surutu.

Sun shafa mata mai, sun naɗe ta a tawul. Da yamma ƙwan ya fito, a fashe, ɓawon laushi kamar leda. Amma kazar ba ta miƙe ba. Baba ya sa ta a kwali kusa da gadonsa, yana ɗura mata ruwa da ƙaramin cokali, nasa maganin kuwa yana kan taga ko buɗe shi bai yi ba.

Ranar Alhamis da hantsi Mai Ɗinki ta fito shanya, ta same shi zaune a ƙasa jikin akurki, kwanon dusa ya kife.

"Hutawa nake yi," ya ce.

Ita da mijinta suka ciccibe shi zuwa tasi. Duk hanyar asibiti zance ɗaya yake yi: ruwan kar ya yi zafi, dusar a jiƙa, a kula da kyanwar gidan baya.

Kwana huɗu ta yi tana zarya. Ta sallami yara makaranta, ta ɗura wa kaza ruwa, ta kai wa Baba abinci, ta dawo ta tarar da mai riga a bakin ƙofa ta haɗe rai. Sau biyu tana ɗinke hannun riga a baibai. Kwalin ya dawo ƙarƙashin teburin kekenta, ɗakin ya ɗauki wari.

"Ki bari in yanka ta tun ana iya cin ta," in ji mijinta. "Ke ma kin kusa kwanciya."

Ta daɗe tana kallon kwalin. Har ga Allah ta so ta ce to.

"In ya tambaye ni fa?"

A asibitin kuwa tambayar farko ke nan, tun ba ta ajiye kwano ba.

"Kwandasta ta ci?"

"Ta ci, Baba. Har tana yawo."

Ya dube ta ta saman robar da aka sa masa a hanci. "Gara da kika kama ɗinki. Ba ki iya ƙarya ba." Ya ja numfashi. "Na gajiyar da ke, ko?"

"Ka gajiyar da ni mana. Ka warke ka zo ka ɗauki kayarka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Washegari wajen sha ɗaya, cokali na hannunta, ta buɗe wa kazar baki da yatsa, wayarta ta yi ƙara. Ma'aikaciyar jinya ce. Mai Ɗinki ta saurara, ta ce, "To. Allah ya jiƙansa. Ga ni nan." Sai da ta ƙarasa ɗura ruwan sannan ta tashi neman takalmi.

'Yarsa tana hanya a lokacin. Awa uku da rasuwarsa ta iso.

Bayan mako guda 'yar ta kwashe kayan ɗakin. Tana jan jaka ta tsaya a ƙofar Mai Ɗinki, idanunta sun kumbura.

"Yaya, ban san da bakin da zan gode miki ba."

"Kazarsa fa?"

"Ina zan kai ta? A bene nake, hawa na huɗu. Ki yi yadda kika ga dama."

Da motar da ta ɗauki 'yar ta tafi, Mai Ɗinki ta fito da kwalin tsakar gida don ya sha iska, ta zauna a dakali ta miƙe ƙafafu. An bar ɗakin Baba a buɗe saboda ƙasan da aka wanke ya bushe. Kazar ta yunƙura ta fito, ta yi taku biyu ta zauna, ta sake tashi. A haka har ta haye bakin ƙofar. Ta tsaya tsakiyar ɗakin da babu komai, ta karkata kai, sannan ta kwanta inda rana ta sauka a kan siminti.