Sunan da Ke Cikin Ambulan

A garinmu Barra de Santa Tecla duk wanda yake da rabo a ƙasar gari yana da ambulan guda a rufe, a ajiye a ofishin filaye na babban birnin jiha, tafiyar awa bakwai a mota ta kan duwatsu. A cikinsa akwai sunan mutum ɗaya. Idan mai ambulan ya mutu sai a buɗe, wanda aka samu sunansa ya kwashe komai, gona da fili da kujerar taron gari. Ba a rabawa. Gaudencio magini ya rubuta nasa tun gashin kansa yana baƙi, ya sa sunan ɗansa na fari, Rutilio, wanda a lokacin ko gemu bai fara ba. Matarsa Herminia ce ta raka shi, kuma a kan idonta aka liƙe ambulan ɗin.

Bayan haka da shekara goma sha biyar Walter da matarsa Lorna suka sauka garin. Walter direban bas ne, ya yi shekara talatin da huɗu yana zagaya titunan Winnipeg, wani birni mai ƙanƙara a ƙasar Turawa, har sanyi ya cinye masa gwiwoyi. Da ya yi ritaya suka sayar da gidansu suka biyo rana. Suka ga wani tudu mai kallon teku, mai itatuwan mangwaro biyu, nan take suka ce ba su ga ta tafiya ba.

To, ƙasar gari ba a sayar wa baƙo. Mai sayarwa ya sani, wanda ya buga hatimi ya sani, kare ma a garin nan ya sani. Amma muna da dabararmu: baƙo ya biya kuɗi, a ari sunan ɗan gari a rubuta a takarda. Gaudencio ne zai gina musu gidan, kuma mutum ne da ko ƙusa ba ya ɗauka daga wurin aiki, don haka sunansa aka ara.

Herminia tana nan ran da Walter ya yi tambayar. Ta kai wa ma'aikata wake da wainar masara, ta same su a inuwar mangwaro.

"Don Gaudencio, idan ka mutu fa?" in ji Walter, da guntun yarenmu da ya koya.

"Ni? Kalle ka, kalle ni. Kai da kake hawa tudun nan kamar tsohuwar akuya, kai za ka binne ni?"

"Da gaske nake."

"To, da gasken. Zan je birni in sauya ambulan, in sa sunan Herminia. Ita ko Shaiɗan ya zo da lauya ba za ta ba shi gidanku ba. Ko ba haka ba, tsohuwa?"

"Haka ne," in ji Herminia, tana zuba wake.

Amma tun a kan hanyar komawa gida maganar ta fara damunta. Rutilio ya tsallaka Arewa shekara shida da suka wuce, yana aikin rufin gidaje a Amurka, kuma tun da suka yi cacar baki da ubansa ba ya kiran kowa sai ita. Abu ɗaya ya rage da ya ɗaure shi da garin nan, shi ne ya san sunansa na cikin ambulan. Idan labari ya kai masa an cire shi saboda wasu Turawa, shi ke nan, ta yi asarar ɗa. Kuma labari zai kai, don a garinmu ko tari ka yi a ɗaka sai an ji a Carolina, inda yake.

Ba ta taɓa ce wa mijinta kada ya je ba. Ta fi haka wayo. Damina ta fari ta ce hanyar dutse ta zabtare, ya bari ruwa ya ɗauke. Da rani ta ce ga bikin waliyyar gari, wa zai gyara dandalin coci? Wata shekara ta ce ta yi mummunan mafarki a kan motar birni. Wata shekarar kuma ta ce, "Kai ka cika gaggawa. Mutum lafiyarsa lau ya je yana taɓa takardar mutuwa, so kake ka kira ta?" Gaudencio dama ba ya son tafiyar, jiri yake yi a kwanar duwatsu, sai ya ce to, baɗi.

A cikin waɗannan baɗin ne Lorna ta zama aminiyar Herminia. Ita ce ta riƙe jikar Herminia a coci ran baftisma, daga ranar suke kiran juna komadre, kuma a wurinmu wannan ya fi maƙwabtaka nauyi, ya kusa jini. Lorna ta koyi naɗa tamale, alalenmu na masara, a ganyen ayaba, ko da yake nata kullum kamar an taka su suke fitowa. Idan an yi gayyar aikin gari, Walter da gwiwoyinsa yakan fito da tsintsiya, ba wanda ya sa shi. Da ciwon suga ya kwantar da Herminia, Lorna ce ta kai ta asibiti a mota sau huɗu. Herminia tana son matar nan har ranta. Duk da haka ba ta bar Gaudencio ya hau motar birni ba.

Walter ya riga shi mutuwa, kamar yadda Gaudencio ya yi masa ba'a. Bayan shekara biyu, ran wata Talata da hantsi, Gaudencio ya sauko daga tsani ya ce kansa na juyawa, ya zauna a kan buhun siminti, bai sake tashi ba.

Rutilio ya iso kafin a gama addu'ar kwana tara. Ya yi ƙiba, bayansa ya lalace, takardun zama bai samu ba, matar da ya aura can ta bar shi. Herminia ta rungume shi ta yi kukan da ba ta yi wa mijinta ba. Bayan wata biyu aka buɗe ambulan. Gona tasa, gidan gado nasa, kuma a bisa takarda tudun mangwaro da gidan da ke kansa nasa ne.

Ba a yi mako uku ba wani attajiri daga birnin Puebla mai farin takalmi ya fara zuwa yana auna tudun da ido. Ɗakunan haya yake so ya gina wa masu zuwa wasan igiyar ruwa.

Herminia ta tare ɗanta da safe yana shan kofi.

"Rutilio, gidan nan na komadre ne. Da kuɗinsu suka saya, ubanka aron suna kawai ya ba su."

"Aron suna? Mama, nuna min inda aka rubuta aro."

"Ba a rubuta irin wannan. Magana ce tsakanin maza biyu."

"Maza biyun duk suna maƙabarta." Ya ajiye kofin. "Shekara goma sha bakwai ina kan rufin gidajen irinsu, rana na gasa ni. Ran da na faɗo ko ruwa ba wanda ya miƙo min. Yanzu ni zan yi wa Baturiya kyautar tudu? Tana da ƙasarta, gwamnatinsu na ba tsofaffi kuɗi. Ni me nake da shi?"

"Kana da ni."

"To ki tsaya a bayana. In kika kunyata ni a gaban taro, na rantse da kabarin Baba gobe zan bar garin nan, kuma ko gawata ba za ki gani ba."

Ba a sayar da fili a nan sai taron gari ya yarda. Ran Lahadin ƙarshen wata aka taru a rumfar kwano da ke gefen filin ƙwallo, mutum ɗari da wani abu. Matan mamata suna da izinin magana. Baƙo kuwa ba ya shiga, ko da ya shekara hamsin a garin. Lorna ta zo da 'yar kujerarta ta roba ta zauna can tsallaken hanya a gindin wata bishiya, ta ɗora jakar takardunta a cinya. Da Herminia za ta wuce, Lorna ta kama hannunta.

"Komadre, ke kaɗai kika rage da kika ji maganarsu."

"Na sani, komadre."

Shugaban taro Don Melquiades ne, tsoho mai kunne ɗaya da rabi, wanda ya san gaskiyar maganar sarai kamar kowa a rumfar. Sai dai taro ba ya aiki da abin da kowa ya sani, sai da abin da wani ya tashi ya faɗa. Aka gama maganar famfon makaranta, aka yi rigimar shanun da suka shiga gonar wani, sannan aka zo kan tudun. Don Melquiades ya karanta takardar Rutilio, ya cire tabarau.

"Kafin a ɗaga hannu, in akwai wanda ya san marigayi Gaudencio ya ɗauki wani alkawari a kan filin nan, ya tashi ya faɗa. In akwai alkawari, taro na iya barin matar nan ta zauna a gidan har ƙarshen ranta. Mun taɓa yin haka." Ya juya kunnensa mai kyau wajen bencin mata. "Doña Herminia, ke ce matarsa. Ko kina da abin cewa?"

Herminia ta ji maganar ta taho har bakinta, a shirye, ba ta fi jimla biyu ba. Ta hango Rutilio a tsaye jikin ginshiƙi, ya dafe ƙugunsa da hannu kamar yadda yake yi idan bayan ya motsa. Bai ko kalle ta ba. Ta tuna shekarun da take kwana da waya a ƙarƙashin matashi. Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafinta.

"Doña Herminia?"

"Ba ni da abin cewa, Don Melquiades."

Tsohon ya daɗe yana kallonta, sannan ya mayar da tabarau. Aka ɗaga hannuwa. Wasu sun ɗaga a sanyaye, wasu sun bar nasu a cinya, amma an samu rinjaye. Mutanenmu ba mugaye ba ne, sai dai ba wanda zai fi matar mamaci sanin bakin mijinta.

Da aka watse ta bi ta bayan rumfa ta tafi gida, don kada ta bi ta gindin bishiyar.

Lauyan da Lorna ta gani a birni ya duba takardunta ya ce mata ba ta taɓa mallakar komai ba, ko mangwaro ɗaya. Aka ba ta wata biyu. Shekararta saba'in da shida, kuma duk abin da suka tara ita da Walter yana cikin bangon gidan nan. Wata 'yar ƙanwarta a Winnipeg ta ce akwai ɗaki a ƙasan gidanta, kusa da injin wanki.

Herminia ta yi kwana goma ba ta hau tudun ba. Rana ta sha ɗaya kunya ta kai ta inda tsoro ya hana ta. Ta tarar da Lorna a tsakar ɗaki cikin kwalaye, tana naɗe kofuna a tsohuwar jarida. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta shirya ta sha zagi, har ma so take a zage ta.

Lorna ta miƙe da ƙyar ta rungume ta.

"Na san abin da ya hana ki zuwa," in ji ta. "Kina jin nauyi don ba ki ci nasara ba. Ki daina. Mace ɗaya a gaban maza ɗari, kuma a kan ɗan cikinki. Ni ban san ko zan iya abin da kika yi ba."

Ashe ba wanda ya gaya mata cewa Herminia ba ta tashi ba. Duk garin, da masu gulmar da ba sa iya riƙe magana daga coci zuwa kasuwa, kowa ya kama bakinsa, wasu don tausayin Lorna, wasu don nasu hannun ma ya tashi a rumfar. Herminia ta buɗe baki.

"Komadre, ni..."

"A'a, kada ki ce komai. Zo ki riƙe min bakin kwalin nan."

Ta riƙe. Suka yi yini suna ɗaure kaya, Lorna tana ware mata tukwane da keken ɗinki da kujerar Walter, tana cewa ai ba ta da wanda ya fi cancanta.

Yau shekara biyu ke nan. An sare mangwaron, an yi bene mai ɗaki goma sha biyu. Rutilio yana gari, ya sayi mota yana jigilar baƙi, yana cin abincin uwarsa kullum. Abin da ta so ta samu, kuma ba ta taɓa jin daɗinsa ba ko na yini ɗaya.

Duk ran Lahadi bayan an fito coci waya takan yi ƙara. Lorna ce, daga ɗakin ƙasa, muryarta ta ƙara siriri. Takan tambayi jikar, ta tambayi suga, ta ce dusar ƙanƙara ta rufe 'yar tagarta. Duk mako Herminia takan ce wa kanta yau za ta faɗa. Lahadin da ta wuce har ta fara.

"Komadre, akwai abin da ya kamata ki sani game da ranar taron nan."

"Ranar taron," in ji Lorna, ta yi 'yar dariya, tari ya biyo baya. "Kin san ina ba matan cocinmu labarinki? Nakan ce musu na rasa gida a can, amma ina da mutum ɗaya da ta tashi ta tsaya min. In ba don wannan ba, komadre, da ban san me zan riƙa tunawa a ɗakin nan ba. To, me za ki ce?"

Herminia ta riƙe wayar da hannu biyu.

"Ba komai," ta ce. "An yi zafi sosai ranar."