Monitar da Aka Yanke wa Sitika

Ƙas! Wani shuɗin tartsatsi ya yi tsalle daga cikin monitar kwamfutar, Ummulkhairi ta ja da baya har ta yi karo da benci. Mahaifinta, Malam Zayyanu, ko gezau. Yana tsaye cikin takalmin roba, hannun hagu a aljihu, na dama riƙe da sukudireba mai mariƙin roba. Ya ɗaure wa sukudirebar waya, ɗaya bakin wayar ya naɗe shi a ƙarfen da ya zagaye kwalbar monitar, wato babban gilashin da ke nuna hoto. Bakin sukudirebar kuwa ya cusa shi ƙarƙashin wata roba da ke manne a jikin kwalbar kamar ƙahon wanzami.

"Kin gani ko?" ya ce. "Tun jiya nic cire ta ga wuta, amma ga wutar nan ta kwana ciki. Wagga tana kada ƙato. Ba a taɓa komi sai an sauke ta."

Ya sake cusawa, ya ji shiru, sannan ya zaro hannunsa daga aljihu.

Shekara bakwai ke nan da aka kawo kwamfutoci ashirin wannan sakandare da ke kan hanyar Danchadi. An yi kiɗa, an yi jawabi, an ɗauki hoto, aka ja ƙofa aka datse. Makarantar ko turken lantarki ba ta da shi. Bara, Safiya, wadda ta fi kowa lissafi a ajinsa, ta je jarrabawar shiga jami'a a Sakkwato, ta zauna tana kallon allon kwamfuta har lokaci ya ƙare, don ba ta san inda ake dannawa ba. Har yau abin na ci masa rai. Bana kuma 'yarsa ce, saura kwana tara, ita ma ba ta taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba.

Shugaban makaranta, Alhaji Mijinyawa, bai ba shi makullin ɗakin kwamfutocin don Allah ba. Masu duba kaya ne za su zo daga birni, yana so a kakkaɓe ƙura. Malam Zayyanu ya aro janareta wurin maƙwabcinsa mai cajin waya a Bodinga, ya gwada kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Goma sha tara ɓera da yoyon rufi sun gama da su. Ɗaya ce ta yi haske dishi-dishi, ta yi ƙauri, ta ɗauke. Da yake ya yi zaman shagon gyaran talabijin yana saurayi, ya san datti ne ya toshe ta. Sai dai ƙusa ta ƙarshe da ke riƙe da murfin tana ƙarƙashin wata sitika mai lambar gwamnati. Ya daɗe yana kallonta kafin ya sa reza.

Abin da ke ciki ya isa a yi dariya, in da da halin dariya. Zanzaro ya gina gidaje huɗu, tsaka ta yi ƙwai. Ya ɓamɓare su a hankali, ya bi ko'ina da burushin fenti mai laushi.

"In kawo ruwa, Baba?"

"Ruwa? Kul! Kuma kak ki bari hannunki shi bugi wuyan kwalbag ga, hwashewa takai."

Da ya mayar da murfi ya ta da inji, allon ya kawo tangaran. Ummulkhairi ta rubuta sunanta da yatsa ɗaya, tana cije leɓe, harafi ɗaya sai ta nema. Kwana biyu 'yan ajinsu suna layi a bakin ƙofa, kowa minti goma. Malam Zayyanu ya ji daɗin da rabonsa da shi tun ranar da aka ɗauke shi aiki.

* * *

Masu duba kaya suka iso ranar Laraba, su biyu, cikin shadda mai sitaci. Ba gaban kwamfutocin suka duba ba, bayansu suka bi. Babbansu yana shafa sitika, ƙaramin yana rubuta "lafiya". Sau goma sha tara aka rubuta wa gawa lafiya. A ta ashirin babban ya tsaya.

"Wa ya buɗe kayan gwamnati?"

"Ni na, ranka shi daɗe. Ita kaɗai ka aiki. Bari in kunna ku gani."

"Ba kallo ya kawo mu ba, Malam. Wa ya sani ko an cire wani abu a ciki?"

"Gidan zanzaro anka cire, yallaɓai."

Malam Zayyanu ya juya wajen Alhaji Mijinyawa yana neman ko kalma ɗaya. Alhaji ya gyara hula, ya ce shi dai shara ya ce a yi, Allah ne shaidarsa. Aka ɗauki monitar aka sa a but ɗin mota don bincike. Kafin mako ya zagayo takarda ta iso, an mayar da Malam Zayyanu Mandera, can ƙasar Shagari. Ba canjin ne ya ƙona masa rai ba, shi da ya saba da hanya. Ganin Alhaji yana mayar da kwaɗo a ƙofar nan da murmushi shi ne ya tsaya masa a wuya.

* * *

Jajibirin jarrabawa ya dawo gida bayan la'asar. Ya tarar da Ummulkhairi zaune a tsakar gida ta fuskanci bango. A cinyarta akwai kwalin taliya da ta zana wa haruffa da gawayi, iya waɗanda ta tuna, rabin gidajen babu komai. A gefen damanta ta ajiye guntun sabulu a madadin linzamin kwamfuta, tana turawa tana dannawa da yatsa.

"Baba," ta ce ba tare da ta waiwayo ba, "in na danna tasu ba ta amsa ba hwa?"

Ya jingine babur ɗinsa a hankali don kada ya katse ta. Ita kuwa ta ci gaba da tura sabulun, idonta a kan bangon laka, tana jira.