Ƙugiyar Abdulbaƙi da Mutumin Oran

Abdulbaƙi ya yi shekara tara a Tamanrasset, garin da babu kogi, amma har yanzu ba abin da ya sani kamar kifi. Mutumin Madarumfa ne, can ƙasar Maraɗi, kuma gidansu masunta ne tun kakanni. Ciwon baya ne ya raba shi da ruwa, ya yo arewa ya buɗe ɗan shago a kasuwa. Yana sayar da tabarmin roba da butoci, amma ainihin cinikinsa ƙugiyoyin kamun kifi ne. Kwali-kwali yake sayensu, ya ba direbobi su kai wa ƙaninsa Sufyanu, shi kuma ya rarraba wa masuntan tabkin Madarumfa.

Wani kamfani na Oran, birnin bakin teku can arewa, shi ne ke ƙera ƙugiyoyin, kuma wakilinsa ɗaya ne a garin: Alhaji Harisu, mutumin Damagaram, mai babban kanti a bakin titi.

Kusan kowane mako sai Sufyanu ya turo saƙon murya da ƙorafi iri ɗaya.

"Yaya, jiya ma wata ƙatuwar tarwaɗa ta miƙar da ƙugiya ta tafi. Ga kan ƙugiyar nan mai faɗi yana yanke zare. Mutane sun fara cewa ni na san abin da nake sayar musu."

Abdulbaƙi ya gane matsalar sarai. Ƙugiyar an yi ta ne don kifin teku, doguwa ce siririya mai ƙyalli. Tarwaɗa kuwa ƙarfi gare ta, kuma cikin laka take. Sai ya tafi wurin Agali, wani maƙerin Buzu da ke ƙera zobba da wuƙaƙe a bayan kasuwa. Kwana goma suna ƙerawa suna watsarwa, suna gardama, har suka fitar da guda shida da suka kwanta masa a rai: gajeru, masu kauri, baƙaƙe, da zobe a kai maimakon faɗi, bakin kuma an ɗan karkata shi gefe.

Ya naɗe su a ƙyalle ya kai wa Alhaji Harisu, ya roƙe shi ya aika wa kamfani. Harisu bai ko taɓa su ba.

"Malam Abdulbaƙi, kai mai saye ne. Ka saya ka tafi. Mutanen da ke da injuna da injiniyoyi, kai za ka koya wa aiki da ƙarfen Buzu?"

"Alhaji, injiniyoyin nan sun taɓa riƙe tarwaɗa?"

"Ni ba zan aika ba. Kuma kada ka kuskura ka ɓata mini tsakanina da mutanena."

Wata biyu bayan haka aka buɗe baje kolin shekara, kamfanin ya kafa rumfa. Ya turo wani mai suna Si Jilali, dogo mai furfura a gefen kai, wanda tun isowarsa yake ƙorafin zafi da ƙura. Abdulbaƙi ya sa wankakkiyar riga ya tafi da hantsi. Larabcinsa na ciniki ne kawai, bai kai na dogon bayani ba, kuma da ya isa sai ya tarar Harisu ne zaune kusa da baƙon, suna shan shayi.

Ya yi sallama, ya buɗe ƙyallen a kan tebur.

"Alhaji, don Allah ka fassara mini. Ka ce masa shekara tara ina sayen kayansu, kuma na zo da shawara."

Harisu ya yi murmushin da ba na alheri ba, ya juya ya yi magana da Larabci. Abdulbaƙi bai kama duka ba, amma ya ji kalmar "matsala" sau biyu, bai kuwa ji "shekara tara" ko sau ɗaya ba.

Si Jilali ya ɗauki ƙugiya ɗaya da yatsu biyu, ya juya ta, ya jefar da ita kan teburin. Ya faɗi wani abu, mutanen da ke tsaye suka yi dariya.

"Me ya ce?"

"Ya ce," in ji Harisu yana jan maganar, "a wane kogin Tamanrasset ka gwada ta? Ya ce wannan ta rataye nama ce."

Abdulbaƙi ya ɗago ƙugiyar. Ya nuna zoben, ya nuna karkatar bakin, ya yi bayanin yadda tarwaɗa ke juyi idan ta ji ƙarfe. Ya daɗe yana magana. Harisu ya fassara da kalmomin da ba su wuce biyar ba.

"Alhaji, ba abin da na ce ke nan ba."

"To fassara da kanka, sarkin ruwan hamada."

Si Jilali ya riga ya mai da ido kan wayarsa. Ya ɗaga hannu ba tare da ya dubi kowa ba, ya ce kayansu na zuwa ƙasashe da dama, ba wanda ya taɓa kuka. Wannan kam Abdulbaƙi ya ji ta da kunnensa.

Abdulbaƙi ya waiga. A gefen rumfar akwai bido, wato jarka, cike da ruwa, mai cin lita ashirin, wanda masu rumfar ke wanke kofunan shayi da shi. Ya zaro igiya daga aljihu, ya ɗauki babbar ƙugiyar kamfani daga cikin na nuni, ya ɗaura, ya saƙala ta a hannun bidon, ya ratayo igiyar ta kan ƙarfen rumfa ya ja. Bidon ya tashi kamar kamu biyu daga ƙasa. Kowa na kallo ƙugiyar ta fara buɗewa a hankali, ta miƙe, bidon ya faɗo. Murfin ya fita, ruwa ya malale ƙarƙashin tebur, ya jiƙa kwalayen da ke ƙasa da takalman Si Jilali.

Kafin su farga ya cika bidon da ruwan rumfar maƙwabta, ya saƙala tasa ƙugiyar, ya ja. Bidon ya tashi ya tsaya yana lilo. Ya riƙe shi haka, bayansa na zugi, har wani daga cikin taron ya yi kabbara, wasu kuma suka ɗaga wayoyi suna ɗauka.

A ransa ya ɗauka magana ta ƙare, mutumin zai ce a zauna. Amma da ya dubi fuskar Si Jilali sai ya ga ta yi ja. Mutumin ya miƙe yana ihu, yana nuna jiƙaƙƙun kwalaye, yana nuna masu wayoyi. Ya share teburin da hannu, ƙugiyoyin Abdulbaƙi biyar suka watse cikin caɓi.

"Barra! Fita!"

"Ka ji ai, wannan ba ta buƙatar fassara," in ji Harisu. "Ka kunyata baƙona a gaban jama'a. Mu baƙi ne a ƙasar nan, kai kana neman jawo mana jandarma. Wallahi ko allura ba za ka ƙara saya a kantina ba."

"Da ka faɗa masa abin da na ce, da ban taɓa bidon ba."

"Da ka tsaya inda Allah ya ajiye ka, da ba ka zo ba."

Masu gadi biyu suka iso. Abdulbaƙi ya durƙusa yana lalubar ƙugiyoyinsa cikin laka, ya samu huɗu da wadda ke jikin igiya, ɗaya ta ɓace. Suka raka shi har ƙofa, ɗaya na riƙe da hannun rigarsa.

Kwana uku hoton bidon yana yawo a wayoyin 'yan Nijar na garin. Masu aikin gini suka riƙa tsayawa a shagonsa suna yi masa jinjina, amma a cikinsu ba mai sayen ƙugiya. Manyan 'yan kasuwa kuwa suka ja baya da shi, don Harisu ya zagaya ya ce mutum ne mai neman fitina.

Ya koma wurin Agali. Maƙerin ya ce in ya bar duk sauran aikinsa zai iya ƙera talatin a yini, kuma ba zai bar sauran aikinsa ba. A mako uku suka haɗa ɗari da ashirin, Abdulbaƙi ya ba wani direba mai suna Sharifu ya kai Madarumfa.

Saƙon Sufyanu ya zo bayan kwana goma sha biyu.

"Yaya, ƙugiyar nan ba ta da na biyu. Ko ɗaya ba ta miƙe ba, har faɗa aka yi a kanta. Amma ka san mamari ɗaya, igiyar nan mai jerin ƙugiyoyi, yana cin ɗari biyar. Ruwa ya fara ja baya, lokacin kamu ya zo, mutane ba su da abin ɗaurawa. Ka turo na kamfanin ko kwali goma ne, haka nan za mu yi maneji."

Abdulbaƙi ya saurari saƙon sau biyu. Da Sharifu ya dawo, ya kira shi gefe ya ce ya je kantin Harisu ya sayo kwali goma, kamar nasa ne.

Sharifu ya dawo bayan la'asar da kwalayen a baro, yana ta sosa ƙeya.

"Ya gane, Malam. Ina buɗe baki ya ce ya san na wa ne."

"Amma ya sayar."

"Ya sayar. Ya ce in gaya maka ba don kai ba, don masunta. Ya ce kuma in kana son na gaba, ka zo da ƙafarka ka ba shi haƙuri a gaban mutane."

Abdulbaƙi ya duba kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure su da igiya tamau, ya rubuta sunan Sufyanu a jikin kowanne.

"Ka ce masa na ji," in ji shi. "Yaushe motarka za ta tashi?"

"Jibi, in Allah ya so."

"To ka biyo da safe. Agali ya ce zai gama wasu arba'in, ka haɗa da su."