Kwalabe Goma na Dakta Sausan

Ina da wani ɗan hali da ban cika faɗa ba: in hankalina ya tashi, goge tsinkayen zinariyata na gwaji nake yi. Minti biyu ya ishi tsinke ɗaya. Ranar Larabar nan na yi minti arba'in a kan guda, har ya fara ramewa.

Shekara tara ina kan aiki ɗaya a sashenmu na jami'a a Iskandariyya ta Masar. Sukarin jini yakan manne wa guntayen furotin, ni kuma ina auna yawan waɗanda ya manne wa. In tsoma tsinken a ruwan gwaji, in sakar masa 'yar wuta, in karanta yadda ta gudana. Ni da Dakta Sausan, da ke ɗakin ƙarshen baranda, abu ɗaya muke nema, sai dai ita injinta ya kai girman firji biyu, yana farfasa guntayen yana auna nauyinsu. Shugaban sashe, Farfesa Wanis, ya ce injin na bukatar wurin ajiye tukwanen iska, kuma ɗakina ne ya fi kusa. An ba mu kwalaben ruwan gwaji goma marasa suna, kowa ya auna. In lambobina sun yi daidai da nata, ɗaki nawa ne. In ba haka ba, in koma koyar da 'yan shekarar farko wanke kwalba.

Ni na gama tun ƙarfe goma. Nata injin kuwa sai ya yi minti hamsin a kan kowace kwalba. Na sha shayi huɗu. Na sauka ƙasa, na hau. Na leƙa ta sau shida.

“Dakta Fikri,” ta ce ba ta ko juyo ba, “in ka sake buɗe ƙofar nan, kai zan zuba a injin.”

“Wucewa nake yi.”

“Zuwa ina? Bango ne a gabanka.”

“Tambaya kawai. A kwalba ta nawa yake?”

“Ta bakwai. Je ka yi hira da tsinkayenka, su ne ba sa gajiya da kai.”

Na koma na ƙirga tayil ɗin ɗakina, wai don in san abin da zan rasa. Ɗari da goma sha biyu ne, uku sun fashe. Matata ta kira ta tambaya ko na ci abinci, na ce mata ina tsakiyar muhimmin aiki, alhali ina tsaye ne ina kallon fanka.

Bayan la'asar muka ajiye takardunmu a teburin Farfesa. Ya sa tabarau, ya bi layi-layi da bakin biro. Ta farko daidai. Ta biyu daidai. Ta shida ta ɗan kauce, ba sosai ba. Da ya kai ta goma sai ya cire tabarau.

“Wallahi ban zata ba, Fikri.”

“Ni ma haka, ranka ya daɗe,” na ce, kafin in tuna bai kamata in ce ba.

Na aika aka sayo basbusa, wani kek mai zaƙi, faranti guda. Sausan ta ci biyu, ta ce ashe tsohon ƙarfe na aiki. Na yi ƙasaita na yaba injinta, na tambaye ta da wane ma'auni ta daidaita shi, wato garin furotin ɗin da aka san yawansa, wanda ake gwada komai da shi.

“Nawa ya ƙare tun Mayu,” ta ce tana lasar yatsa. “Naka na ɗiba a firji. Ai ka rubuta nauyin a jiki.”

Na rubuta kam, kuma da shi ni ma na daidaita tsinkayena. Garin nan na auna shi ne a watan Agusta, bayan ya yini a buɗe kusa da taga yana shan damshin teku. Har yau ba wanda ya san nawa ne furotin a cikinsa, nawa ne ruwa.