Tabawa Ta Koma

Ni ban yi lakwal ba, wato boko, amma na kai albasa Abijan da Lome tun ɗiyata Bushira tana goye. Can nit tsinto Hwaransancina, a tasha da bakin iyaka, kuma duk Sabon Gida an sani in baƙo mai takarda ya zo, Alhaji Ɗangana ake kira.

Bana da damina ciwon haƙarƙari yak kama matata Tabawa. Tari ya koma shessheka, leɓɓanta sunka yi baƙi. A Madawa anka sa mata iska, anka ce abin ya hi ƙarhinsu, sai anka ɗauke mu da ambilas zuwa babban asibiti. Can anka tura ta ɗakin da suke ce ma reya, inda ake kwantar da waɗanda rai ya zo ma wuya, anka ruhe ƙohwa a hancina.

Bushira ta yi karatu har lise. Ita nit tura ta sawo magani, don a ganina zance da lokotoro, wato likita, aikin manya ne.

Da lokotoron tah hito, ashe yarinya ce, ba ta girmi Bushira ba. Nig gyara hula nic ce mata bonjur madam, sa ba, wato kina lahiya. Ita kuwa ta ga dattijo da babbar riga shina bonjur, sai tas saki Hwaransanci kamar an ɓalle bakin dam. Wanga ba irin na tasha ba ne. Babu buhu a ciki, babu kamyo, motar kaya. Ina ta kaɗa kai ina wi, wi, har kalma guda tad diro kunnena.

"Koma?" nic ce.

"Wi, koma," tac ce, tad dahwa hannuna.

A garinmu in anka ce mutum ya koma, an san wurin wa ya koma. Har nij ji daɗin ladabinta, da tab bar yaren nasara ta gaya mini mutuwa da Hausa. Tambaya guda da ta warware komi, amma wanda yag gama wi, wi ba shi tambaya.

Nik kira ƙanena Hamisu a waya. Hamisu ba shi da nawa. Kahin la'asar an yi shela a masallaci, an yanko likkahwani, an gina kabari kusa da na uwar Tabawa.

Bushira ta dawo ta iske ni zaune ƙasa ina salati. Tay yar da ledar magani tak kutsa ciki, ba a jima ba tak komo taj ja ni har bakin gilashi. Ga Tabawa kwance, tiyo a maƙogwaro, inji shina hura mata ƙirji shina saki. Wata ma'aikaciya na zuƙe mata majina, wata na duban zanen da ke tsalle a allon bisa kanta.

Lokotoron ta zo tay yi mini bayani da Hausa tsantsa, don 'yar Kaita ce. Su sunka sa ta barci da magani don kada ta yi kokowa da injin, har huhunta ya samu hutu. Wannan barcin shi ne koma. Nit tambaye ta mi ya hana ta hwaɗi haka tun da hwari.

"Baba, ai kai ka hwara da bonjur."

Sannan tac ce kada in yi murna da wuri, matar tana tsakanin rai da mutuwa, sai abin da Allah ya yi.

Nis sake kiran Hamisu. Yat tambaye ni abin da za a yi da ramin, a cike ko a dakata. Duk dillancin da nit taɓa yi ban sha tambaya mai nauyin wannan ba. Nic ce a cike, yac ce to, irin to ɗin da na san ba a aikatawa.

Munka zauna bisa tabarma bakin reya. Kullum ana juya ta, ana auna jini, ana rage maganin kaɗan-kaɗan, Bushira na tambaya ni kuwa ina saurare. Wata sahiya Tabawa tam matse yatsan ma'aikaciya. Bayan nan anka zare tiyon, tay yi tari, tan nemi ruwa.

Da munka koma gida, matan da sunka yi mata kuka su sunka zo barka, ita kuwa tana tambayar wadda ta hi kuka. A bakinsu taj ji ramin na nan, Hamisu ƙaya kawai yad ɗora a kai. Tas sa anka kira ni. Muryarta har lokacin a dishe take.

"Alhaji, da bakinka anka gina shi. Tahi ka cike shi da hannunka."

Nit tahi da shebur. Hamisu ya tsaya inuwar aduwa, bai taɓa ƙasa ba. Da zuhwa taj jiƙa mini riga sai yal leƙo yac ce, "Yaya, sa ba?"

Nic ce sa ba, nic ci gaba da zuba ƙasa.